'Yar wutar hitar ruwa ta mutu: yadda ake kunna ta da abin da ke kashe ta

Baƙon Ohio: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun asuba ruwan sanyi kawai ke zuwa ta famfon zafi, ga sanyin Janairu. Hitar mai gas ce, tanki mai galan 40, a ɗakin ƙasa take. Akwai wata 'yar tagar gilashi a gindinta, na leƙa ban ga wuta ba. Murhun kicin yana kamawa lafiya lau. Masana, yaya ake kunna ta?

Malam Falamba: Wa alaikumus salam. Tunda murhun kicin na ci, gas na shigowa gidan, mun rage zato ɗaya ke nan. Kafin ka taɓa komai, durƙusa ka shinshina gindin tankin da wajen bututun da ke kai masa gas. In ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, maganar kunnawa ta ƙare: kar ka taɓa makunnin lantarki, kar ka kyasta komai, kwashi iyali ku fita, sai kun kai waje ka kira kamfanin gas ko 911. In ba wari, amsa min uku. Na ɗaya, gas ɗin bututun gari ne ko furofen, wato gas ɗin da ake ɗurawa a tanki? Na biyu, akwai igiyar lantarki da ta fito daga hitar zuwa soket, ko fanka a samanta? Na uku, ruwa ya taɓa kwanciya a ɗakin har ya taɓa gindinta?

Baƙon Ohio: Ba wari. Gas ɗin gari ne. Ba igiyar lantarki, ba fanka. Ɗakin a bushe yake. A jikin akwatin gas ɗin akwai mamurɗi a sama mai rubutun OFF, PILOT, ON, da wani zagayayye a gaba na zafi, sai wani ɗan maɓalli a gefe da waya a jikinsa.

Malam Falamba: Madalla. Dalilin tambaya ta biyu shi ne, mai fanka a sama da mai rataye a bango marar tanki ba su da 'yar wutar da ke ci dare da rana don kunna babban murhu, lantarki ke kunna su, don haka abin da zan faɗa bai shafe su ba. Ta uku kuwa, hitar da ruwa ya shiga akwatin gas ɗinta ba a kunna ta, ko ta bushe, canza ta ake yi.

Taka ga yadda za ka yi. Fara buɗe famfon ruwan zafi na ɗan lokaci ka tabbata ruwa na zuwa da ƙarfi, don ba a hura wuta ƙarƙashin tankin da bai cika ba. Mayar da zagayayyen nan na zafi can ƙasa. Murɗa na sama zuwa OFF. Daga PILOT zuwa OFF sai ka ɗan danna shi ƙasa kafin ya wuce, kuma da hannu kawai, ban da filaya. Sai ka jira minti 10 cur. Tsofaffin takardu minti 5 suke cewa, sababbi 10, ka bi na 10. Sake shinshinawa. Murɗa zuwa PILOT, danna mamurɗin har ƙasa ka riƙe. A wasu ba mamurɗin ake dannawa ba, wani jan maɓalli ne kusa da shi. Kana riƙe, ɗaya hannun ya riƙa danna ɗan maɓallin gefen nan, kusan sau ɗaya duk daƙiƙa, zai riƙa yin ƙas-ƙas. Idonka na kan tagar. Kashe fitilar ɗakin tun kafin ka fara, don wutar ƙarama ce, shuɗiya, kuma sau da yawa a gefe take, sai ka kwantar da kai ka karkata kafin ka hango ta.

Da ta kama kar ka saki. Ci gaba da riƙewa minti ɗaya cikakke, da agogo. Sannan ka saki a hankali. Mamurɗin zai taso da kansa, wutar ta zauna. In bai taso ba, rufe gas daga bawul ɗin bututu ka kira mai gyara. In komai daidai, murɗa zuwa ON, janye fuskarka daga gindin, sannan ka ɗaga zafi. Za ka ji babban murhun ya kama da ɗan “fuu”.

Ɗan Zango: Duk wannan dogon karatu, Malam? A cire murfin ƙasan, a zura doguwar laita irin ta gashi, a danna, shi ke nan.

Malam Falamba: Alhaji, wannan na tsofaffin hitoci ne masu buɗaɗɗen gindi. Tun daga Yulin 2003 hitocin gas na gida masu galan 30, 40 da 50 da ake yi wa kasuwar Amurka rufaffen ɗakin wuta gare su, da roba mai toshe ƙofar, saboda gobarar da turirin fetur da na fenti ke jawowa idan ya iske wuta a ƙasa. Tagar gilashin da ya ambata ita ce shaida. Wanda ya kwance ƙofar ya zura laita, ya mayar da ita a karkace ko ya yaga robar, ya ɓata kariyar da aka yi hitar dominta. In maɓallin ba ya tartsatsi, duba wayarsa, yawanci ficewa take yi daga mahaɗinta, a tura ta ta koma.

Injiniya: Bari in ƙara wa masu wani nau'in akwatin gas na daban, tunda yanzu ya fi yawa a sababbi. Wanda Honeywell ke yi mamurɗi ɗaya ne a gaba, OFF, PILOT, sai matakan zafi, da 'yar fitila mai ƙiftawa. Shi ba minti ɗaya ake ƙirgawa ba, ana riƙewa ne har fitilar ta fara ƙiftawa, wani lokaci sai an kai daƙiƙa 90. Ƙiftawa ɗaya duk daƙiƙa uku lafiya ce. A yawancinsu biyu na nufin lantarkin da tamofayil, wato ƙarfen da ke mayar da zafin 'yar wuta lantarki, ke bayarwa ya yi ƙasa, huɗu na nufin ruwa ya wuce iyakar zafi akwatin ya kulle kansa, biyar na'urar jin zafi ta lalace, bakwai akwatin kansa ya mutu. Amma kowa ya karanta takardar da ke manne a jikin tasa, don kamfani da kamfani akwai bambancin lissafi.

Kuma in an rufe gas ɗin gida kwanan nan, ko an yi aiki a bututu, iska ce ke fara fitowa. Gwajin farko ba zai kama ba, ba don wani abu ya lalace ba. A koma OFF, a jira minti 10, a sake. In an yi sau uku ba ta kama ba a dakata.

Baƙon Ohio: Ta kama, na gan ta. Amma ina sakin mamurɗin sai ta mutu. Sau biyu ke nan.

Malam Falamba: Daƙiƙa nawa ka riƙe?

Baƙon Ohio: Gaskiya kamar goma ko sha biyar.

Malam Falamba: To ai ba ka ba ta lokaci ba. Minti ɗaya na ce. Koma OFF, jira goman nan, sake.

Injiniya: Ya kamata ya san dalilin riƙewar, in ya sani ba zai ƙara gaggawa ba. Kusa da bakin 'yar wutar akwai wani ƙarfe kamar kan fensir, da siririn bututun jan ƙarfe da ya tafi har cikin akwatin gas. Shi ne tamokoful. Ƙarafa biyu ne mabambanta aka haɗe bakinsu, in mahaɗin ya yi zafi ɗaya ƙarshen na da sanyi sai ya haifar da ɗan lantarki. Wani Bajamushe, Thomas Seebeck, ya gano haka a 1821. Abin da yake bayarwa milibolt 25 zuwa 30 ne kawai (milibolt kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt), batirin rimot ma ya ninka shi sau hamsin. Wannan ɗan lantarkin ne ke ba wani ƙaramin maganaɗisu ƙarfin riƙe bawul a buɗe. Ƙarfinsa na riƙewa ne, bai isa ya janyo bawul ɗin da kansa ba, shi ya sa yatsanka ke tura masa shi ya tsaya har ƙarfen ya ɗau zafi. In wuta ta mutu ƙarfen ya huce, maganaɗisu ya saki, sifirin ya rufe gas gaba ɗaya. Mai 'yar fitila kuwa tamofayil gare shi, wato tamokoful da yawa a jere cikin kube ɗaya, yana ba da wajen milibolt 750, har ya ishi allon lantarkin da ke ciki. Ya fi kauri, shi ya sa ya fi jinkirin ɗaukar zafi.

Ɗan Zango: In ta ƙi zama, akwai masu ɗaure mamurɗin da salatif ko su ɗora masa wani abu mai nauyi.

Hajiya Babba: Subhanallahi. Alhaji, ku daina kawo irin wannan ko da wasa, akwai masu karantawa su aikata.

Injiniya: Gaskiyar Hajiya. Mamurɗi a danne yana nufin gas na fita ko da wuta ko ba wuta. Gas ɗin gari yana kamawa in ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri, furofen tun daga kashi 2 da ɗoriya. Shi kansa gas ba shi da wari, wani sinadari ake zuba masa don hanci ya ji. Jihar Texas ta wajabta haka ne bayan fashewar makarantar New London a Maris 1937, inda kusan mutum 300 suka rasu, yawancinsu yara, saboda gas ya taru ƙarƙashin ginin ba wanda ya ji. Kuma hanci na sabawa da warin in an daɗe a wurin, don haka kar a dogara da shi kaɗai.

Malam Falamba: Ga wanda ya riƙe minti ɗaya ta kuma mutu, abin dubawa daga mai arha zuwa mai tsada. Fara da kallon wutar. Lafiyayya shuɗiya ce, tsayayyiya, ta lulluɓe kan tamokoful wajen santimita ɗaya. In 'yar mitsitsiya ce, ko rawaya mai lanƙwasa kamar ta kyandir, ramin da gas ɗinta ke fitowa ya toshe da datti, tamokoful ba shi da laifi. Iska ake hura wa ramin, ba a zura masa allura, don in ya faɗaɗa ya lalace ke nan. Sai notin da ya ɗaure tamokoful a ƙasan akwatin: in ya sassauta, ɗan lantarkin nan ba ya wucewa. A ɗaure da yatsa har ya tsaya, sannan kwata ɗin zagaye da sifana, kar a wuce haka, akwai abin da ke raba wayoyin a bakinsa, matsi na murƙushe shi.

In duk biyun daidai ne sai awo. Kwance notin, sa mitar awon lantarki a kan milibolt na DC, waya ɗaya a jikin bututun jan ƙarfen, ɗaya a kan ɗan farin ƙarfen da ke ƙarshe. Wani ya kunna ya riƙe mamurɗin, kai ka karanta bayan minti ɗaya. Daga 25 zuwa sama lafiya. Ƙasa da 20 a canza. Tamofayil in an zare wayoyinsa daga akwati ya kamata ya nuna 650 zuwa 850. In yana wajen 400 ko ƙasa ya gaji. In awo ya yi kyau, makashin zafin da ke jikin ƙofar, wanda ke kashe wuta in zafi ya yi yawa, ma lafiya, wutar kuma ta ƙi zama, maganaɗisun cikin akwati ne. Akwatin ba a farke shi a gyara, ɗungurungum ake canzawa, kuma aikin mai lasisi ne.

Na Damagaram: Malam, ana cewa a goge kan tamokoful da sanfefa ya dawo sabo. Gaskiya ne?

Malam Falamba: In baƙin hayaƙi ne ya rufe shi, gogewa da laushin sanfefa na taimakawa. Amma wanda ya tsufa daga ciki yake mutuwa, gogewa ba ta dawo da shi. Kuma a rufaffiyar hita sai ka zaro murhun gaba ɗaya kafin ka kai gare shi. Wanda ya riga ya sha wannan wahala ya sa sabo kawai, abin ba tsada.

Injiniya: A nan na ɗan saɓa da Malam. Ba a gogewar ba, a saurin canzawar. Tamokoful ya zama kamar maleriya a gida, kowane zazzaɓi shi ake ɗora wa. In akwai baƙin hayaƙi a kansa, tambayar ita ce me ya kawo hayaƙin, don wutar gas mai samun isasshiyar iska ba ta yin baƙi. A sa sabo ba a amsa wannan ba, bayan sati biyu a dawo gidan jiya.

Malam Falamba: Ai shi ya sa na sa awo kafin canji. Ba mu saɓa ba.

Baƙon Ohio: Na riƙe minti ɗaya ta zauna, Allah Ya saka. Babban murhun ma ya kama. Amma bayan kamar minti goma komai ya mutu, har da ƙaramar. Na jira, na sake, ta kuma yin haka.

Injiniya: To yanzu muka zo kan ainihin ciwon, kuma ba tamokoful ba ne. Wanda ya gaji tun wajen sakin mamurɗi yake nuna kansa. Wadda ke ci ta mutu bayan babban murhu ya yi mintuna, mafi yawa numfashi ne ya gagare ta. Kar ka ƙara kunnawa tukuna. Faɗa mana: injin busar da kaya yana ɗakin? Girman ɗakin fa, kuma ƙofarsa a rufe take? Lokacin da babban murhun ke ci, yaya kamannin wutar?

Baƙon Ohio: Injin busarwa na gefenta, taku biyu. Ɗakin ƙarami ne, an kewaye shi da katako, ƙofar a rufe. Wutar da farko shuɗiya ce, daga baya ta koma rawaya tana yawo kamar mai neman hanya.

Injiniya: Shi ke nan. Rufaffiyar hita ta ƙasa take shan iska, ta cikin wani faranti mai ƙananan ramuka, wani na ƙarfe wani na tangaran kamar saƙar zuma. Aikinsa ya bar iska ta shiga ya hana harshen wuta fitowa. Ramukan ƙanana ne ƙwarai, ƙurar auduga daga injin busarwa, gashin kyanwa, ƙurar ƙasa, duk suna liƙe su. In iska ta ragu wutar ta yi rawaya ta bazu, ɗakin wutar ya yi zafi fiye da ƙima, sai makashin zafi ya yanke hanyar tamokoful, komai ya mutu. A wasu makashin na komawa da kansa in ya huce, alama irin taka ke nan tunda ka iya sake kunnawa. A wasu akwai ɗan maɓalli a tsakiyarsa, tsakanin wayoyi biyu a jikin ƙofar, sai an danna. Wasu na Rheem kuwa 'yar kwalba ce ke fashewa ta rufe hanyar iska, sai an sa sabuwa.

Gyaran: OFF, bar ta ta huce rabin awa. In akwai raga da ta zagaye gindin, zuƙe ta da injin shara ko ka cire ka wanke ta bushe. Sannan haska tocila ƙarƙashin tankin ka nemo farantin, ka goge shi da dogon burushi mai lanƙwasa irin na goge bayan firji, a hankali in na tangaran ne, sai ka zuƙe abin da ya zubo. Ban da fesa wani sinadari.

Malam Falamba: Kuma kar wani ya haɗe wayoyin makashin nan biyu don ta daina mutuwa. Gudun gara ne a faɗa gidan zago. Wutar da ke yin rawaya tana fitar da kabon monoksaid, iska mai guba, mutuwar da take yi ita ce ke tsare mutanen gidan.

Sai maganar ɗakin. Ƙa'idar gas ta Amurka tana neman kubik ƙafa 50 na fili ga kowane BTU 1,000 a awa, BTU kuwa ma'aunin ƙarfin zafin murhu ne. Tanki mai galan 40 yawanci BTU 40,000 ne ko kusa, duba farantin bayanin da ke jikinsa. Wato kubik ƙafa 2,000. In rufin ƙafa 8 ne, ɗakin ya kai murabba'in ƙafa 250. In tanderun ɗumama gida ma na ciki, a haɗa nasa lissafin. Ɗan kewayen katako ba zai kai ba, sai an yi masa kafofin iska biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko a sa ƙofa mai tsaga-tsaga. Ga injin busarwa yana kwashe sama da kubik ƙafa 100 duk minti yana fitarwa waje. In ƙofa na rufe, ta ina iskar za ta maye? Ta bututun hayaƙin hita za ta sauko, ta ture hayaƙin cikin ɗaki, wani lokaci ta hure 'yar wutar.

Hajiya Babba: Malam, ku koya masa gwajin turare, abu ne da ke kowane gida namu.

Malam Falamba: Haka ne Hajiya. Bayan ya share farantin ya kunna. Rufe tagogi da ƙofofin gida, kunna injin busarwa, da fankar banɗaki, da mai zuƙe hayaƙin kicin. Bar babban murhun ya ci minti 5. A saman tankin akwai wata hula mai ƙafafu da bututun hayaƙi ya hau kanta. Kunna turaren tsinke ka zagaya da shi bakin hular. Hayaƙin ya shige ciki ya yi sama, ta kowane gefe. In ya tsaya cak ko ya dawo maka, ko ka ji ɗumi mai laima a hannunka, kashe hitar ka kira mai gyara. Duba robobin da ke zagaye bututun ruwa biyu a saman tankin, in sun narke ta gefen hular, hayaƙi ya daɗe yana dawowa. Bi bututun da ido kuma: ya riƙa hawa aƙalla kwatan inci duk ƙafa ɗaya, ba tsatsa, ba inda ya rabu. Sheƙar tsuntsu ko ƙanƙara a bakinsa na sama ma na toshe shi.

Hajiya Babba: Na'urar ƙarar kabon monoksaid kuma a kowane hawa, musamman bakin ɗakunan kwana. Ba wari gare shi ba, ba launi. Alamarsa ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kuma ya kama mutanen gida tare, a fita waje a ji sauƙi. Na'urar na tsufa, akwai kwanan wata a bayanta. Sannan jarkar fetur ta injin yankan ciyawa, fenti, tina, duk a raba su da ɗakin. Kwandon wanki ma kar a jingina shi da gindin tankin.

Ɗan Zango: Na karɓi gyara. Amma mu masu haya a Bronx fa? Mutum ya sauka ya kunna da kansa?

Malam Falamba: A'a. A gidan haya ruwan zafi haƙƙin mai gida ne. Dokar birnin New York ta ce ruwan zafi kwana 365, aƙalla digiri 120 na Faranhait a famfo. A gaya wa mai kula da ginin, in ba a yi ba a kira 311, lambar kai ƙorafi ga hukumar birnin. Aikin bututun gas a birnin kuma sai falamba mai lasisi. A wasu jihohi mai gidan kansa na iya canza tamokoful, amma kowa ya tambayi ƙa'idar garinsu.

Na Damagaram: Ga wanda aka yarje masa, yaya canjin yake?

Malam Falamba: Mamurɗi OFF, bawul ɗin bututu a gicciye. A ƙasan akwatin noti uku ne: babban na murhu, yawanci sifana mai inci 3/4, na bututun 'yar wuta 7/16, na tamokoful 3/8. Ɗauki hoto kafin ka kwance. Zare wayar tartsatsi da na makashi, kwance sukurorin ƙofar, janyo murhun gaba ɗaya. Tunda ya fito, zuƙe farantin ta ciki. Zare tsohon, tura sabon har ya zauna inda na da yake. Sayen a yi shi da lambar samfurin hitar, don na gama-gari ba ya shiga kowace rufaffiya: wasu makashin na haɗe da shi, wasu tsofaffi ma notinsu ta hagu yake ɗauruwa. Robar ƙofa in ta tsage a sa sabuwa. Kowane noti a fara shi da yatsa don kar zaren ya hau karkace, akwatin laushin ƙarfe ne. Ba a naɗa wa waɗannan notuna farin tef. In an kunna, a shafa kumfar sabulu a mahaɗan murhu da na 'yar wuta lokacin da babban murhu ke ci. In kumfa na kumbura akwai yoyo. Tankin da ya haura shekara 10 yana kuma tsatsafo ta gindi, kar a kashe masa ko sisi.

Na Damagaram: In mutum ya sayi irin wannan hitar ya kai ƙasarmu, ya haɗa ta da tukunyar gas, za ta yi?

Injiniya: Kar a fara. Ta gas ɗin gari ramin murhunta ya fi faɗi, kuma matsin da take aiki da shi bai kai rabin na furofen ba. Gas ɗin tukunya na Zinder ko Kano butan da furofen ne, ya fi ƙarfi nesa, in ya bi ta wancan rami wuta ce mai baƙin hayaƙi da guba. Yawancin tankunan nan ba a juya su daga wannan gas zuwa wancan, daban ake ƙera su. Kuma gas ɗin gari ya fi iska sauƙi, sama yake yi. Na tukunya ya fi ta nauyi sau ɗaya da rabi zuwa biyu, kwanciya yake a ƙasa kamar ruwa. Masu furofen a ƙauyukan Amurka ma su lura, hanci a daɓe ake shinshinawa.

Baƙon Ohio: Abin da na zuƙo daga ƙarƙashin ya kai cikin hannu biyu, kamar audugar katifa. Na bar ƙofar ɗakin a buɗe. Yanzu minti arba'in tana ci, shuɗiya, har ta kashe babban murhun da kanta ƙaramar na nan. Na ji “tsss” da farko kamar ruwa na ɗiga a wuta. Zafin a ina zan bar shi?

Injiniya: Ƙarar gumi ce. Tanki cike da ruwan sanyi, turirin hayaƙi ya taɓa shi ya koma ruwa ya ɗigo kan murhu. Tana dainawa in ruwan ya ɗumama. In ta ci gaba bayan ya yi zafi, yoyo ne.

Hajiya Babba: Digiri 120, wato 49 a ma'aunin Salshiyos, in akwai yara ko tsofaffi. A 120 sai an wuce minti 5 kafin fata ta ƙone, a 140 ƙasa da daƙiƙa 5, fatar jariri ma ba ta kai haka.

Injiniya: Ta fuskar ƙuna haka ne, Hajiya. Amma ƙwayar lijiyonela mai jawo ciwon huhu, wadda aka gano bayan ɓarkewar Filadelfiya ta 1976, tana hayayyafa a ruwa mai ɗumin 20 zuwa 45 na Salshiyos, gindin tankin da aka bari a 49 kuma bai cika kaiwa 49 ba. Gidan da ke da mai raunin garkuwar jiki, gara a ajiye tanki a 60 a sa bawul mai gauraya da ruwan sanyi a bakin fita, famfo ya ba da 49.

Hajiya Babba: In an sa bawul ɗin na yarda. In babu shi, 120.

Malam Falamba: Kuma alamar jikin mamurɗi kiyasi ce, a tara ruwa a kofi a auna da tamomitar girki. Kai kuma ƙanena, ƙofa a buɗe maganin yau ne, gobe wani zai rufe ta. A yi kafofin iskar nan cikin satin nan, a duba bututun injin busarwa, don audugar da ka kwaso tana nuna yana zubarwa a cikin ɗaki. Farantin a riƙa share shi duk wata uku. Gwajin turaren fa, ka yi shi da injin a kunne da ƙofa a rufe?

Baƙon Ohio: Da ƙofa a buɗe na yi, hayaƙin ya shige. Bari in rufe in kunna injin in sake.

Malam Falamba: Minti 5 kawai, kana tsaye a wurin. In ya dawo maka, OFF, buɗe ƙofar, ka rubuto.